Daga Jijiya Zuwa Na'ura: Inda Sakamakon Gwaji Ke Lalacewa

A shekarar 1997 wasu masana biyu na asibitin jami'ar Padua da ke Italiya, Mario Plebani da Paolo Carraro, suka bi diddigin kurakuran da ake samu a sakamakon ɗakin gwajinsu na gaggawa, don su gano inda gizo ke saƙar. Sai suka tarar kashi 68 cikin 100 na kurakuran sun auku ne tun kafin samfur ya shiga na'ura: wajen ɗiba, wajen rubuta suna, wajen zubawa a kwalba, ko a hanyar kaiwa. Aikin gwajin kansa, wanda kowa ke ɗora wa laifi, kashi 13 kacal ya ɗauka. Bayan shekara goma suka sake binciken, kason kurakuran kafin na'ura bai sauka ƙasa da 60 ba.

Wannan fa a Turai ne, a asibitin da wuta ba ta ɗaukewa, kuma tsakanin gadon majiyyaci da ɗakin gwaji bai wuce tafiyar 'yan mintuna ba. Sai mai karatu ya auna da kwalbar jinin da aka ɗiba a wani ƙaramin asibitin karkara cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, firji ya kwana ba wuta, mai babur ɗin da zai kai ta birni kuma sai ranar kasuwa yake zuwa.

A wurinmu, da zarar sakamako ya fito ba yadda ake zato ba, hukunci ɗaya ne: "Lab ɗin nan ba su iya aiki ba." Sai a sake biyan kuɗi a wani wurin, a karɓo takarda mai wata magana daban, a rasa wadda za a gaskata. Akwai ɗakunan gwaji na jeka-na-yi-ka, wannan babu musu, kuma hukumar MLSCN da dokar 2003 ta ɗora wa alhakin sa ido kan sana'ar a Najeriya takan garƙame wasunsu. Amma ko ɗakin gwajin da ya fi kowane kayan aiki, abin da aka miƙa masa a kwalba kaɗai yake iya bincikawa. Samfur kamar shaida ne a gaban alƙali. In an musanya shi ko an gurɓata shi a hanya, komai adalcin alƙalin, hukuncin kuskure zai yanke.

Wace A'isha?

Kuskuren da ya fi muni shi ne kuma ya fi sauƙin aukuwa: jinin wani a kwalbar wani. Sunayenmu ba su da yawa. Ɗakin mata guda zai iya haɗa A'isha Muhammad uku a dare ɗaya, kuma a layin ɗibar jini in aka kira Musa Ibrahim, mutum biyu ka iya miƙewa. Manya da yawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba, don haka abin da ya rage ya bambanta su shi ne lambar kati. Katin ma wani lokaci na aro ne. Mace ta zo da na kishiyarta ko na ƙanwarta don gudun kuɗin yankar sabo, ba ta san cewa rukunin jinin waccan da tarihin ciwonta ne za su hau kanta ba.

Ƙa'idar aiki ta hana ma'aikaci ya ce, "Hajiya, ke ce A'isha Muhammad?" Tsohuwar da zazzaɓi ya galabaitar, ko wadda kunnenta ya yi nauyi, ko amaryar da kunya ta rufe, "eh" kawai za ta ce. Abin da ake so shi ne, "Sannu Hajiya, yaya sunanki?" ta faɗa da bakinta, a haɗa da abin da ke kan kati da takardar likita. Bayan an ɗiba, a rubuta suna da lamba da lokaci a jikin kwalba nan take a gabanta, kafin a waiwayi na gaba. Mai tara kwalabe biyar a tire da niyyar rubutawa in ya koma tebur, wata rana sai ya haɗa biyu, kuma ba zai ma sani ba.

Nauyin wannan ya ƙaru tun da gwaji ya shiga harkar aure. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure, wanda ya haɗa da ƙanjamau, ciwon hanta da jinotayif. Idan AS ta auri AS, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila. Kwalba ɗaya da aka yi wa laƙabin kuskure tana iya rusa auren da ba shi da matsala, ko ta ba da izinin wanda zai cika gida da jinya. Akwai kuma wani tarko da ba kowa ya sani ba. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani ne gauraye da nasa a jijiyarsa, saboda haka mai SS zai iya fitowa a matsayin AS. Ma'aikaci ya kamata ya tambaya, majiyyaci kuma ya faɗa ko ba a tambaye shi ba.

Minti uku a kujerar ɗibar jini

Kallon ƙwararre yana aiki ya isa darasi. Zai wanke hannu, ya sa safar hannu, ya ɗaura robar nan a damtse, ya lalubi jijiya da ɗan yatsa. Zai goge wurin da sifirit ya bar shi ya bushe da kansa, ba hurawa da baki, ba sake taɓawa. Da jini ya fara zuwa sai ya kwance robar, domin in ta wuce minti ɗaya ruwan jini yakan tsatsa cikin nama, abin da ya rage ya yi kauri, ƙididdiga ta canza. Ba zai ɗiba daga hannun da ake ƙarin ruwa ba, don ruwan ledar ne zai auna. Idan da sirinji ya ɗiba, ba zai matso jinin da ƙarfi ta cikin siririyar allura zuwa kwalba ba, kuma ba zai girgiza kwalbar ba, juya ta zai yi a hankali sama da ƙasa. Jajayen ƙwayoyin jini ba su jure wahala. In sun fashe, sinadarin fotashiyam da ke cikinsu ya zubo, sakamako ya nuna adadin da zai sa likita ya zaci ƙoda ta gaza ko zuciya na cikin haɗari, alhali mutum lafiyarsa ƙalau ta wannan fuskar.

Launin murfin kwalabe ma ba ado ba ne. A tsarin da aka fi amfani da shi, mai murfi shunayya tana ɗauke da maganin hana daskarewa don ƙidayar ƙwayoyin jini da gwajin jinotayif, mai ruwan toka ta suga ce, ja kuwa babu komai a cikinta, ana barin jini ya daskare a tace ruwansa. Ƙwayoyin jini suna raye a cikin kwalba, suna ci gaba da cin suga, har yakan ragu da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace awa idan ba a kwalbar da ta dace aka zuba ba. Jinin mai ciwon suga da ya wuni a kan tebur zai iya isa na'ura ya nuna kamar ciwon ya lafa. Wasu kuma in kwalba ɗaya ta gaza cika sai su tsiyayo daga wata su cike. Maganin da ke cikin mai murfi shunayya yana ɗauke da fotashiyam kuma yana kama kalsiyam, don haka ɗigo kaɗan daga cikinta ya isa ya birkita gwajin sinadaran jini gaba ɗaya.

Majiyyaci ma yana da nasa rabon. In an ce ka zo ba ka ci komai ba, ana nufin aƙalla awa takwas. Shayi mai madara da koko da lemon kwalba duk ci ne. Ruwa zalla kuwa an yarda, har ma yana sa jijiya ta fito. Wanda ya karya kumallo ya ɓoye don kada a ce ya dawo gobe, kansa ya cuta.

Sai tambayar da ake ji a kowane asibiti: "Likita, jinin nan bai yi yawa ba? Ga shi dama ba ni da jini." Tsoron ba abin raini ba ne, musamman daga uwar da ke kallon an soka wa ɗanta allura. Amsa yake buƙata. Jikin babban mutum yana ɗauke da kimanin lita biyar, kwalbar gwaji kuwa mililita biyar ce ko ƙasa da haka, cikin ƙaramin cokali guda, ɗaya bisa dubu ke nan. Na jarirai ana rage shi daidai da nauyinsu. Ma'aikacin da ya tsaya ya yi wannan bayani da lafazi mai daɗi, ya faɗi abin da za a nema a cikin jinin da ranar karɓar sakamako, ya sauke haƙƙi ne, domin jinin na majiyyaci ne kuma da yardarsa ake ɗiba.

Babbar asarar da nake gani ita ce ta gwajin kalca, wato renon ƙwayoyin cuta daga jini ko fitsari don a san ko wace iri ce da maganin da ke kashe ta. Kafin mutum ya zo asibiti ya riga ya biya ta kemis ya sha kafso na kwana uku. Maganin bai warkar da shi ba, amma ya raunana ƙwayoyin yadda ba za su tsiro a kwalba ba, takarda ta fito ba a ga komai ba. Daga nan sai a koma ga gwajin Widal, wanda wani likitan Faransa ya ƙirƙiro tun 1896, wanda kuma a ƙasashe irin namu yakan nuna alama ga wanda ya taɓa yin taifot a baya ko yake fama da wani zazzaɓin daban. Haka ake rubuta wa mutane "maleriya da taifot" ba adadi. Kalcar jini tana son a ɗiba kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tsabtace fata sosai, a kuma zuba wadatacce, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba.

Abin da majiyyaci ke kawowa da kansa

Fitsari da bahaya ba sa buƙatar allura, shi ya sa ake ɗaukarsu da wasa. A miƙa wa mutum 'yar roba a nuna masa banɗaki, ba bayani. Wani ma daga gida zai zo da shi a kwalbar maganin tari ko ta lemo, ragowar sugan da ke cikinta ya shiga lissafi. Na kalca ana yin tsarki, a bar farkon fitsarin ya zuba, a tari na tsakiya a robar da asibiti ya bayar, a miƙa cikin awa biyu. Na tsargiya kuwa ƙarshen fitsari ake so, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwayayen tsutsar suka fi fitowa. Bahaya kada ya haɗu da ƙasa ko fitsari, mai ruwa-ruwa kuma a gaggauta kai shi tun da ɗuminsa.

Kaki ya fi su wuya. Najeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu a duniya, gwaji da magani kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, tana gano ƙwayar cutar cikin kimanin awa biyu, har ta nuna ko ta bijire wa maganin rifampicin. Amma kaki take so daga can cikin ƙirji, mutane da yawa kuwa miyau suke tofawa a roba su miƙa. Ana kurkure baki da ruwa, a ja numfashi mai zurfi sau biyu ko uku, a yi tari mai ƙarfi har ya taso. A fili ake yi inda iska ke kaɗawa, nesa da jama'a, ba a banɗaki ko rufaffen ɗaki ba. Mace mai kunya ba za ta yi kakari a gaban layin maza ba. Asibitin da bai keɓe mata wani lungu ba, miyau za ta kawo, a sallame ta da cewa ba a ga komai ba, ta koma ɗakin da 'ya'yanta ke kwana. Ƙananan yara da ke haɗiye kakinsu yanzu ana iya gwada bahayarsu a wannan na'urar.

Samfurin da ke ceton gari

Wani samfurin amfaninsa ya wuce mai shi. Sankarau misali ne da ƙasar Hausa ta sani a jikinta, tunda muna tsakiyar yankin da cutar ke kewayawa daga Senegal zuwa Habasha. A 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010 da Najeriya a 2011 ya durƙusar da nau'in A. Sai nau'in C ya ɓullo, ya yi ɓarna a Nijar a 2015, sannan tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017 aka lissafa sama da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 1,100 suka rasu, Zamfara da Sakkwato ne kan gaba. Waɗanda aka gwada samfurinsu a wannan annoba ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Ido ba ya bambanta nau'in A da C. Sai an ɗebi ruwan laka daga gadon baya an gwada. Rumbun rigakafin gaggawa na duniya kuma ba ya sakin allurai sai an tabbatar da nau'in da ke yawo, don haka duk jinkirin samfur jinkirin rigakafi ne ga dukan ƙaramar hukuma. Iyaye da yawa suna ƙin a "cire ruwan baya", sun ji an ce yana kashewa ko yana nakasawa. Allurar tana shiga ne a ƙasan inda lakar ta ƙare, ruwan da ake ɗiba kaɗan ne, jiki kuma yana mayar da shi cikin 'yan awoyi. Yaran da suka rasu bayan an ɗiba, galibi ciwon ne ya riga ya ci ƙarfinsu kafin a kawo su. Wannan samfur kuma ya saɓa wa sauran: ƙwayar sankarau ba ta jure sanyi, in aka sa na kalca a firji mutuwa take yi. Ko dai ya isa ɗakin gwaji cikin awa guda, ko a zuba shi a kwalbar Trans-Isolate da aka yi musamman don doguwar tafiya zuwa cibiyoyi irin su babban ɗakin gwajin hukumar NCDC da ke Abuja ko CERMES da ke Yamai. Asibitin karkara da ba a ajiye masa wannan kwalba kafin bazara ba, an ɗaure masa hannu.

Yaƙi da shan inna ya nuna cewa in an sa kai ana iyawa. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ana ɗibar bahayarsa sau biyu, tsakani aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da farawar ciwon, kowanne kamar girman babban yatsa. A sa a kula mai ƙanƙara, ta isa ɗakin gwajin Ibadan ko na Maiduguri cikin kwana uku. Tun 2011 har ruwan kwata ake ɗiba a Kano ana nema. A watan Agustan 2016, bayan shekara biyu ba a ga cutar ba, sai ta ɓulla a Gwoza da Jere a jihar Borno, binciken ƙwayar kuma ya nuna ta yi kusan shekara biyar tana yawo a yankunan da rikici ya hana ɗibar samfur. Robobin bahayar nan da wasu ke ƙyama, su ne hujjar da aka dogara da ita ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Haka a Zamfara a 2010, lokacin da yara ke ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin maleriya da na sankarau suka ƙi aiki. Jinin da likitocin ƙungiyar MSF suka aika aka gwada shi ya tona cewa gubar dalma ce daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka salwanta.

Masu ɗibar kuma da ransu suke aikin. Zazzaɓin Lassa, tun da aka gano shi a 1969, ya fara da ma'aikatan lafiya. Samfuran da aka kai jami'ar Yale a Amurka sun kwantar da masani Jordi Casals, suka yi ajalin wani ma'aikacin ɗakin gwaji, a Jos kuma Dakta Jeanette Troup ta rasu a 1970 bayan ta yanke a hannu wajen binciken gawa. Shi ya sa irin wannan jini ake yi masa rufi uku kafin ya hau mota. Ko a ranar da babu annoba, allurar da ta fito daga jikin mai ciwon hanta nau'in B in ta soki wanda ba shi da rigakafi, hatsarin kamuwa yana iya kaiwa kashi 30 cikin 100. Na ƙanjamau kimanin 3 ne cikin 1,000. Sau da yawa irin wannan suka wajen mayar da murfin allura ake samunsa, ko a kwandon sharar da leburan asibiti zai ɗauka da hannu. Tura ɗalibi ko sabon ma'aikaci ɗibar jini ba tare da rigakafin ciwon hanta da safar hannu da kwalin zuba allurai ba zalunci ne.

Gwamnatocinmu suna son ƙaddamar da manyan na'urori, a yanka kyalle a ɗauki hoto. Kwalabe masu inganci, alƙalamin da ba ya gogewa, firji mai aiki da hasken rana, man babur na mai kai samfur, da horar da nas da ma'aikacin lafiya na ƙauye, waɗannan ba sa shiga labarai, alhali a nan ne kaso mafi tsoka na kuskure yake. Tun ran gini ran zane. Kwamishinonin lafiya da shugabannin asibitoci su ware wa waɗannan kuɗi a kasafi, su kuma ba ɗakin gwaji ikon mayar da duk samfurin da ya zo ba suna ko ya lalace, ko daga wane babban likita ya fito.

Kai kuma mai karatu, ranar da aka tura ka gwaji, tafi da katinka na kanka. Faɗi magungunan da ka sha, har da na gargajiya, ka faɗi in an yi maka ƙarin jini kwanan nan. In an ba ka roba ba bayani, tambayi yadda ake so a yi. Idan an ɗebi jininka ko na ɗanka, kada ka tashi daga kujerar sai ka ga an rubuta suna a jikin kwalbar, in kuma ba ka karanta boko, ka ce a karanta maka.